Fuskar Wa Ke Kan Takardar Talla a Sassumbrum?

Kayan da ke kan teburin ɗan tireda a Sassumbrum, cikin ƙasar Magarya, ta hanya biyu suke zuwa. Mafi yawa daga Najeriya suke ƙetarowa, ta Kano da Daura: madarar Peak, Indomie, dunƙulen Maggi. Sauran daga Yamai da Damagaram suke gangarowa, irin su layin Airtel da Moov da Zamani. Kowanne da hotonsa yake tafe. A tallar kudu iyalin Legas ne kewaye da teburin cin abinci, ga rubutun Ingilishi. A ta arewa saurayi ne ɗan gayu da salula a kunne, ga Faransanci a ƙasansa. Duka baƙar fata ne, amma babu ko ɗaya da mai saye zai ce ya yi kama da ɗan garinsu.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane cewa Bature ba ya sayar da kaya a Afirka, kuma sun sha zafi kafin su ƙara hankali. A 2017 Nivea ta kafa allunan man hasken fata a Gana da Najeriya, jama'a suka yi mata ca. A shekarar ce Dove ta nemi gafara kan tallar da baƙar mace ke cire riga ta koma fara. A 2019 Dove ɗin ta haɗa kai da Getty Images suka tara hotunan mata iri-iri fiye da 5,000. Najeriya kuwa, daga 1 ga Oktoban 2022, ta hana sa baƙin ƙasashen waje a tallace-tallacenta. Duk wannan gyaran launin fata ne da takardar ɗan ƙasa. Bai iso ƙauye ba.

Ko da an tuna da Bahaushe, kamar lokacin azumi, na birni ake tunawa. Glo ta ɗauki Ali Nuhu, kuma dabara ce mai kyau, domin a ƙasar Magarya an san shi kamar yadda aka san shi a Fagge. Amma dubi hoton shan ruwan da aka saba: maigida da uwargida da yara biyu tak, kwano ɗaya, fitila ta zamani, an ɗaura wa matar kallabi irin na zuwa biki. A nan maza a ƙofar gida suke shan ruwa bisa tabarma, mata a cikin gida, kunu a ƙwarya, ludayi na zagayawa. Maggin ma ba fakiti ake saye ba. Yarinya ake aikowa da 'yan daloli ta karɓi ɗaya ko biyu, a jefa a miyar kukar da daddawa ta riga ta zauna a ciki. Wannan cinikin na ɗai-ɗai shi ke riƙe da kamfanin, amma mai hoto bai ga ya isa a ɗauka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, fuskar yankin nan ta zaga duniya, sai dai ta wata ƙofar. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF ke aiki a Magarya, kuma aikin ya ceci yara masu ɗimbin yawa, babu mai musu. To amma hoton da Paris da Janeba suka sani shi ne uwa rungume da ɗa mai tamowa, an zagaya masa awo a damtse. Matar nan ita ce dai mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ranar kasuwa, mai zubin adashi, mai awaki a turke. In za a nemi taimako da ita a kan samu kyamara. In za a sayar mata da sabulu sai a ɗauko 'yar Abijan.

Masu atamfa da turaren wuta na Magarya da Dungas ba su tsaya jira ba. Da salula suke ɗaukar hajarsu, a jikin ƙanwa ko maƙwabciya, a jingine da katangar laka, su ɗora a WhatsApp da farashi a naira da sefa. Hasken bai kai na Legas ba, wani lokacin har da akuya a gefe, amma mai saye tana ganin yadda zanen zai zauna a jikin mace irinta, ta aiko da kuɗi.