Da Tsohuwar Zuma: Faifan ABBA na Voyage da Gardamar Masoya

Ranar 5 ga Nuwamba 2021 ƙungiyar mawaƙan ABBA ta ƙasar Suwidin ta saki sabon faifai mai suna Voyage, shekara 40 bayan The Visitors da ya fito a 1981. Tun daga ranar masoyanta suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su sasanta ba. Gida na farko cewa suke da ma an bar kaza cikin gashinta: mutanen nan huɗu sun sauka daga dandali suna kan ganiyarsu, me ya kai su dawowa da furfura su taɓa tarihin da suka riga suka kafa? Gida na biyu kuwa ba sa yarda a kushe ko da waƙa ɗaya cikin goman da ke faifan. A wurinsu jin muryar Agnetha da ta Frida a haɗe ya wadatar, sauran magana duk hassada ce. Masu sharhi ma haka suka rabu: jaridar Guardian ta Birtaniya ta ba faifan tauraro 2 cikin 5, mujallar Rolling Stone ta Amurka ta ba shi 4.

A ganina gidajen biyu abu ɗaya suke nema, wato ƙuruciyar ABBA. Na farko sun neme ta sun rasa sai suka yi fushi, na biyu kuma sun lallashi kansu cewa sun same ta. Amma darajar Voyage tana wuraren da ya bar tsufa ya fito fili, kuma rauninsa yana wuraren da ya yi ƙoƙarin faranta wa kowa.

Ga wanda bai san su ba sai a rediyo ko a tsohon kaset, ABBA mutum huɗu ne, kuma sunan ƙungiyar harufan farko ne na sunayensu: Agnetha Fältskog, Björn Ulvaeus, Benny Andersson da Anni-Frid Lyngstad, wadda aka fi sani da Frida. Benny da Björn ke tsara kiɗa, Björn ke rubuta mafi yawan baituka, matan biyu ke rerawa. Duniya ta san su ranar 6 ga Afrilu 1974, da suka cinye gasar Eurovision a garin Brighton na Ingila da waƙar "Waterloo". Ma'aurata ne biyu: Björn mijin Agnetha, Benny mijin Frida. A 1979 aka sanar da rabuwar na farko, a 1981 ta na biyu. Duk da haka suka ci gaba da shiga sitidiyo tare har 1982, sannan suka ajiye aiki shiru, ba tare da sun ce ƙungiya ta rushe ba.

Wannan tarihin aure yana cikin waƙoƙin kansu, shi ya sa na kawo shi. A 1980 Björn ya rubuta baitukan "The Winner Takes It All", labarin matar da mijinta ya bar ta ya koma ga wata, ya miƙa wa tsohuwar matarsa ta rera. Faifan The Visitors cike yake da gidajen da aka kwashe kaya daga cikinsu, da uwa mai kallon ƴarta na girma tana kuɓuce mata. Ke nan ABBA biyu ce tun asali: akwai ta rawa da ƙyalƙyali, ta "Dancing Queen", akwai kuma ta manya waɗanda aure ya gasa. Tarin ABBA Gold na 1992, da wasan dandali na Mamma Mia! da aka fara a Landan a 1999, da fim ɗinsa na 2008, su suka dasa ta farkon a zukatan mutane. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa zai sa Voyage yana jiran biki. Abin da zai tarar shi ne ci gaban hirar da aka katse a 1982.

Waƙoƙi uku ne ginshiƙin faifan. "Don't Shut Me Down" ta fara a hankali: mace zaune a kan benci a lambu har duhu ya shiga, tana ɗaga kai tana kallon gidan mutumin da ta rabu da shi. Sai ta yi ta maza ta je ta ƙwanƙwasa, ta ce masa ta canja, kada ya rufe mata ƙofa. Daidai lokacin da ta yanke shawara Benny ya zuge yatsunsa a kan fiyano, kiɗa ya buɗe. Dabarar tsohuwa ce, sun yi ta a 1976, amma a nan tana da dalili a cikin labarin. Kuma roƙon matar shi ne roƙon ƙungiyar ga mai sauraro.

Ta biyu ita ce "Keep an Eye on Dan". Uwa ta kai ɗanta wurin ubansa da suka rabu, za ta dawo ta ɗauke shi ranar Lahadi. Yaron na murna, ita kuma ta daure har ta sha kwana, sannan ta tsayar da mota ta huce takaicinta a kan sitiyari. Duk wanda ya taɓa ganin bazawara tana raka ɗanta gidan ubansa ya san wannan daurewar, ko a Sitokholm ko a wani gari. A ƙarshen waƙar Benny ya saka ɗan amon fiyanon "SOS" ta 1975, kamar mai cewa ga inda waccan soyayya mai kururuwa ta ƙare: a bakin ƙofa, ana miƙa jakar yaro. Wasu masoya sun ce waƙar ta yi nauyi, ba a rawa da ita. Gaskiya ne, kuma ba don rawa aka yi ta ba.

Ta uku ita ce "I Still Have Faith in You", wadda ta buɗe faifan, Frida ke jan ta. Magana ce tsakanin mutanen huɗu, suna tambayar juna ko akwai sauran abin a jikinsu. Frida na da shekara 75 a ranar da faifan ya fito, Björn 76, Benny 74, Agnetha 71. Muryar Frida ta sauko ƙasa, ta yi kauri, numfashi na fitowa tsakanin kalmomi. A da injiniyansu Michael Tretow kan ɗauki murya sau da yawa, ya ɗan sauya saurin tef, ya jera su har mata biyu su zama kamar taro. A nan an bar mace ɗaya ta fara ita kaɗai da muryar shekarunta, sai can gaba sauran suka shigo. Tambayar da waƙar ke yi ba za ta yi ma'ana a bakin ƴar shekara 30 ba.

Akwai wurin da mai sauraro zai gwada wannan da kunnensa. Waƙa ta biyar, "Just a Notion", muryoyinta tun 1978 aka ɗauke su, lokacin aikin faifan Voulez-Vous, aka ajiye. Kiɗan kawai aka sabunta. Masoya da yawa sun fi ɗaukin ta, don ita ce ta fi kama da abin da suka sani. Ai dole ta yi kama, tunda ita ce ɗin. Muryoyin na sheƙi, suna hawa sama ba wahala, amma waƙar ba ta da abin cewa, kuma ba mamaki da masu ita suka bar ta a akwati shekara 43. A saurare ta, sannan a saurari wadda ke bin ta, "I Can Be That Woman", inda Agnetha ke ba da labarin matar da giya ta ci mata shekarun aure, tana kallon karen gidan ya zaɓi ɓangaren miji. Ta farko ta fi daɗin kunne, ta biyu ta fi zama a zuciya.

Gida na farko suna da gaskiyarsu, kuma so hana ganin laifi ne kawai zai sa a musa. "Little Things", waƙar Kirsimeti ce da yara ke amshi a ƙarshenta, zaƙinta ya yi yawa har ya gundura. Kyautar kuɗinta ga UNICEF, kamar yadda suka yi da "Chiquitita" a 1979, alheri ne, amma bai gyara waƙar ba. "Bumblebee" na kukan ƙarewar ƙudan zuma da sarewa irin ta "Fernando", niyya mai kyau a baituka marasa ƙarfi. "When You Danced with Me" aron kiɗan Ailan ce da ba ta zauna a jikinsu ba. A faifan da tsawonsa bai wuce minti 37 ba, waƙa uku masu rauni ba ƙaramin giɓi ba ne. Haka nan Benny da Björn ba su kula da abin da ake yayi a kiɗan 2021 ba ko kaɗan. Ni ban ɗauki wannan laifi ba, don dattijon da ya sa kayan jikansa abin dariya yake zama. Amma a wasu wurare sautin ya yi laushi fiye da kima, kamar an goge duk wani kaifi.

Zargin da ban yarda da shi ba shi ne na cewa kuɗi suka dawo nema. Mutanen da aka ba da labarin sun ƙi tayin dala biliyan 1 a shekarar 2000 don su sake zagaya duniya, ba faifai mai waƙa goma zai ruɗe su ba. Asalin abin ma wani aiki ne daban. Suna shirya wani wasa na na'ura, sai suka ga ya kamata a sa sababbin waƙoƙi a ciki. A Afrilun 2018 suka sanar sun ɗauki biyu, daga nan biyu suka zama goma.

Wannan wasan, wanda shi ma Voyage ake kiran sa, shi ne ya sa gardamar ta yi zurfi. An buɗe shi a Mayun 2022 a wani zaure mai cin mutum 3,000 da aka gina musamman a filin Olamfik na gabashin Landan. Mutanen huɗu sun yi mako 5 sanye da tufafi masu na'ura, kyamara 160 na ɗaukar motsinsu, sannan kamfanin Industrial Light & Magic ya ƙera surarsu ta kwamfuta kamar yadda suke a ƙarshen shekarun 1970. Makaɗa 10 na gaske ke kiɗa a gefe, surorin na rawa a majigi, jama'a na kuka da tafi. Da aka buɗe wasan, waƙa biyu kacal daga sabon faifan ke cikin jerin. Ga suna ɗaya a kan ayyuka biyu masu ja da juna: faifan na cewa mun tsufa, ku ji yadda muka koma, wasan kuma na cewa ba mu taɓa tsufa ba, ku zo ku gani. Kuma wasan ne ya fi samun kasuwa, don shi ke ba gidajen nan biyu abin da suke so.

To, ina Voyage ya bar sunan ABBA? Ya hau na ɗaya a Birtaniya, ya kai na biyu a Amurka, matsayin da babu faifansu da ya taɓa kaiwa a can. "I Still Have Faith in You" ce ta samo musu shiga takarar Grammy ta farko a tarihinsu, ko da yake ba su ci ba. Amma waɗannan lambobi kewa suke aunawa, don dubban mutane sun biya kuɗin faifan tun kafin su ji shi. Ba zai ture Arrival na 1976 ko The Visitors ba, kuma bai rage musu komai ba, don sabuwar waƙa ba ta goge tsohuwa daga tef. Abin da ya ƙara shi ne abin da kiɗan zamani bai cika bayarwa ba: mata biyu da suka haura 70 suna rera labarin nadama da haƙuri da muryar da suke da ita yau, tsofaffin mazajensu na bayansu suna kiɗa. Benny da Björn sun ce daga wannan babu wani.

Abin da nake tsoro shi ne nan gaba surorin Landan su zama su ne ABBA a idon masu tasowa, fuska ba tamoji, murya ba gajiya, a manta cewa mutanen sun rayu shekara 40 bayan wannan hoton kuma sun dawo sun faɗi abin da suka gani. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji masu magana. Shawarata ga mai karatun da ke son yanke hukunci da kansa: ya ajiye ABBA Gold gefe, ya sa "The Day Before You Came" ta 1982, ya bi ta da "Don't Shut Me Down" da "Keep an Eye on Dan". A wannan jerin zai ji cewa matar da ta yi shiru a 1982 ita ce ta ƙwanƙwasa ƙofa a 2021.