Ɗan Jagoran Da Bai Jin Hausa

Akwai wani abokina a fakultenmu, makaho ne, kuma da bakinsa yake faɗin haka, ba ya son a zagaya masa. Kwamfutarsa tsohuwa ce, ta hannu, yayansa ya sayo masa a kasuwa. Yana aiki da NVDA, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya, wadda wasu makafi biyu ƴan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka faro a 2006. Da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma na'urar tasa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai ya kira ni.

"Aboki, an ce akwai wani abu wai Linux, kyauta ne, kuma bai da nauyi. Mi ka sani a kai?"

Na ce ban san komai ba, amma mu gwada. Mun ɗauki makonni muna gwaji a ɗakinsa, tsakanin ɗaukewar kuran da ƙarewar forfe. Abin da zan rubuta a nan hukuncina ne a kan abin da muka gani, ko in ce abin da muka ji.

Linux ba abu guda ba ne, zubi-zubi ne: Debian, Ubuntu, Fedora da sauransu. Mun fara da neman waɗanda aka ƙera musamman don makafi, don hankali ya ce su za su fi dacewa. Nan muka fara cin karo. Vinux, wanda ya yi suna ƙwarai a da, an daɗe da daina sabunta shi. Sonar ma haka. Akwai masu rai, irin su Slint na wani Bafaranshe, Didier Spaier, da Accessible Coconut daga Indiya, kuma masu su sun cancanci yabo. Amma aikin mutum ɗaya ne ko ƴan kaɗan. Ranar da suka gaji, makaho ya koma tsakiyar hanya ba sanda. Ɗalibin da zai rubuta memuwar ɗinsa bai kamata ya rataya shekarunsa a kan lafiyar mutum ɗaya da bai taɓa sani ba.

Sai muka koma ga manya. A Ubuntu, in ka danna maɓallin Windows tare da Alt da S, Orca za ta fara magana. Ita ce mai karanta allo a Linux. Amma wanda ya fi burge ni Debian ne. In aka tada na'ura daga kile ɗin USB, aka iso shafin farko, sai ka danna S. Daga nan shirin girkawa ya riƙa karanto tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace amsa da lambarta, kai kuwa ka buga lambar. Tun Debian 12 na 2023 ana haɗa ƙananan manhajojin da katin sauti da Wi-Fi ke buƙata a cikin faifan girkawa, don haka sautin ya fito ba wahala. Abokina ya girka da hannunsa, ina zaune ina shan shayi. Muka zaɓi fuskar MATE saboda ba ta cin ƙarfin na'ura. Da ta tashi ta yi magana da kanta, ya yi dariya ya ce, "Wanga karon ba wanda ya riƙe mini hannu."

Gaskiya ya ɗan yi ƙari. Kafin a iso wancan shafin, sai da na duba masa allon BIOS na zaɓi kile ɗin, domin wannan allon bebe ne a kusan kowace kwamfuta. Kuma Orca ba ta kai NVDA laushi ba: a Firefox da LibreOffice tana aiki sosai, amma akwai manhajojin da za ta shiga ta yi tsit, ko ta ce "maɓalli" kawai ba ta faɗi na mene ne ba. Wanda na'urarsa ke ɗaukar Windows 11 kuma ya saba da NVDA, ba zan ce ya tashi ba. Wanda tasa ta tsufa, Debian da MATE zaɓi ne mai mutunci.

Duk wannan ƙaramar magana ce. Babbar ta zo ranar da ya buɗe rubutun Hausa.

Orca ba ta da murya tata. Tana miƙa rubutun ga injin furuci, wanda galibi eSpeak NG ne. Injin ƙarami ne, ba ya buƙatar intanet, kuma ana iya sa shi gudu fiye da yadda mai ido zai iya bi, abin da makafi ke so ke nan. Yana da harsuna fiye da 100. Akwai Swahili, Amharik, Oromo, Setswana. Akwai Esperanto. Akwai Klingon, harshen da aka ƙirƙira don fim ɗin Star Trek, har da Quenya da Sindarin na littattafan Tolkien. Muka bi jerin daga sama har ƙasa sau biyu. Babu Hausa.

Sai muka bar muryar Faransanci ta karanta. "Gida" ya zama "jida". "Ciki" ya zama "siki". "Kai" ya koma "ke", wato ta mayar da namiji mace. In ta iso ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, ko ta yi tuntuɓe ta wuce, ko ta tsaya tana karanto lambar harafin a tsakiyar kalma. Ga mai ido wannan abin dariya ne. Ga mai kunne kaɗai, "baƙi" da "baki" sun rikice, "ƙafa" da "kafa" sun rikice. Muka gwada muryar Swahili, wasulan suka gyaru. Muka gwada ta Indonesiya, don su ma c ɗinsu irin tamu ce, "ci" ya fito daidai. Yanzu da ita yake lallaɓawa. Ɗan ƙasar da a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa yana aron bakin Jakarta don ya ji saƙon ƙanwarsa.

To laifin wa? Da farko na fusata da masu manhajar. Daga baya na buɗe fayilolinta na ga yadda ake ƙara harshe: rubutu ne zalla, fayil guda na ƙa'idojin da ke cewa wannan harafi ga sautinsa, wani na kalmomin da suka saɓa ƙa'ida, wani na bayanin sautukan. Wanda ya sa Klingon mai son Klingon ne ya zauna ya rubuta. Ba a hana mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa masu ɗakin mun yi shiru.

Ba na cewa aikin banza ne. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali. "Kuka" na hawaye, "kuka" ta miya da "kuka" na "kuka zo" duk hoto ɗaya ne a takarda. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala haka. Injin da ke bin harafi ba zai raba su ba sai an ba shi jerin kalmomi da wasu dabarun nahawu. Amma muryar da ta san ƙ daga k, ko da karinta a miƙe yake, ta fi abin da abokina ke ji yau nesa ba kusa ba. Kuma wannan shi ne ainihin abin da ake koya mana a aji: tsarin sauti, gaɓa, ƙwayar sauti. Muna haddace su don jarrabawa, mu zuba a takarda, mu manta.

Na fara rubuta fayil ɗin ƙa'idojin. Na makale a kan ts da kuma r ɗinmu guda biyu, kuma ina neman wanda ya iya haɗa manhaja ya zauna da ni. Abokina ya yarda shi ne alƙali, tunda kunnensa ya fi na kowa a cikinmu.

Da na gaya masa zan rubuta wannan a ɗan littafinmu, ya tambaye ni yadda ake buga shi. Na ce fotokofi. Ya ce, "To ni da mi zan karanta shi?" Na yi masa alkawarin fayil ɗin rubutun a kile, kuma ina roƙon ƴan'uwa mu riƙa yin haka a kowace fitowa.