Lissafin Kwalbar da Aka Toshe

A samu ƙaramar kwalbar gilashi, a ɗura mata iskar haidurojin kaɗan da ’yan ƙwayoyin aidin, a narkar da bakinta da wuta har ya liƙe, sannan a ɗumama ta zuwa digiri 430. Aidin ɗin zai tashi ya zama tururi mai launin shunayya. Ana cikin kallo sai launin ya fara koɗewa, domin haidurojin da aidin suna haɗuwa suna zama wata iska marar launi da ake rubutawa HI. Can sai koɗewar ta tsaya cak. Ko a bar kwalbar ta kwana bakwai a wannan zafi, ɗan sauran shunayyar yana nan daram.

Mai kallo zai ɗauka aiki ya ƙare, alhali ana ta yi. Kowace daƙiƙa ana samun sabuwar HI, kowace daƙiƙa kuma wata HI ɗin tana rabewa ta koma haidurojin da aidin. Kamar ƙofar kasuwa ce da hantsi: masu shiga sun yi daidai da masu fita, cunkoson ciki ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma ƙafa ba ta huta ba. Wannan hali shi masana sinadarai ke kira daidaito. Abin da ke burge ni shi ne akwai mutanen da, tun kafin a kunna wuta, za su gaya maka yawan kowace iska da za a tarar a ciki idan komai ya lafa.

Kayan aikinsu ba su taka kara sun karya ba: biro, takarda, da lamba ɗaya da ake kira K. Asalinta daga Norway ne, inda Cato Guldberg da Peter Waage, wanda ya auri ’yar’uwar Guldberg ɗin, suka bayyana ƙa’idar a 1864. A namu misalin, idan ka ninka yawan HI da kansa, ka raba da yawan haidurojin sau yawan aidin, amsar guda ce kullum muddin zafin bai sauya ba. A digiri 430 tana kai 54.3. Ba a mafarki aka samo irin waɗannan lambobi ba. A shekarun 1890 wani Bajamushe, Max Bodenstein, ya yi ta toshe kwalabe yana gasawa, yana sanyaya su farat ɗaya don abin ya tsaya inda yake, sannan ya buɗe ya auna. Wasu ya fara su da haidurojin da aidin, wasu da HI zalla, duka suka haɗu a wuri ɗaya.

Mudun wannan sana’a shi ne mol, wanda ke ƙirga yawan ƙwayoyin abu. Mol ɗaya na haidurojin giram 2 ne, na aidin kuwa kusan giram 254, amma adadin ƙwayoyinsu ɗaya. Mu ce an zuba mol ɗaya-ɗaya a tukunya mai cin lita ɗaya. Gwani zai ce ta ƙarfe ce, don ya riga ya lura matsin zai haura ninki 100 na iskar da muke shaƙa, gilashi kuwa tarwatsewa zai yi.

Malalaci ya gama nasa lissafin tun a nan: ɗaya da ɗaya biyu, mol 2 na HI, ya ajiye biro. Ya manta da sauran shunayyar nan.

Shi kuwa gwani sai ya ja layi uku. A na farko ya rubuta abin da aka zuba: haidurojin 1, aidin 1, HI babu. A na biyu ya rubuta canjin da za a samu, kuma da yake bai san shi ba tukuna, sai ya raɗa masa suna x. Haidurojin zai ragu da x, aidin ma haka, HI kuma za ta ƙaru da 2x, saboda kowace ƙwayar haidurojin da ta haɗu da ta aidin, biyu suke haifarwa. Wannan ɗan biyun shi ke kayar da masu gaggawa. A layi na uku ya rubuta abin da zai rage: 1 − x, 1 − x, da 2x.

Yanzu ya zuba su cikin ƙa’idar. Sama 2x sau 2x, ƙasa 1 − x sau 1 − x, duka daidai da 54.3. A nan ne idon gwani ke nuna kansa. Ya ga sama abu ne da aka ninka da kansa, ƙasa ma haka, don haka sai ya nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 54.3. Ita ce 7.37. Doguwar hanya ta gajarce: 2x daidai take da 7.37 sau 1 − x, wato x ita ce 7.37 a raba da 9.37, ya ba da 0.787. HI ta zama mol 1.57, haidurojin da aidin kowanne ya rage 0.213. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar bai haɗu ba.

Bai tashi ba tukuna. Sai ya mayar da amsoshin cikin ƙa’idar ya ga ko za su dawo masa da kusan 54.3. Sun dawo.

Sauƙin nan ya samu ne don an zuba su kai ɗaya. A ƙara aidin ya zama mol 2, haidurojin yana nan a 1, gajeriyar hanya ta toshe, sai an bi ta lissafin kwadiratik, wanda ke fitar da amsa biyu. A nan su ne 0.939 da 2.30. A wurin na’urar lissafi dukansu halal ne, ba ta san tukunya ba. Gwani kuwa sai ya waiwayi layin farko: mol ɗaya na haidurojin aka zuba, yaya za a ci 2.30 daga ciki? Ba a ɗebo tiya biyu daga buhun da ke da tiya ɗaya. Ya soke ta, ya riƙe 0.939. Haidurojin da ya rage 0.061 ne kacal. Ƙarin aidin ya tura aikin gaba, daidai da abin da Bafaranshe Henri Le Chatelier ya faɗa a 1884, cewa in ka takura wa daidaito, sai ya karkata ta inda zai rage takurar.

Waɗannan layuka uku su ne a bayan buhun takin yuriya da manomi ke ɗorawa a kan babur. Daga amoniya ake yin sa, ita kuma daga naitirojin ɗaya da haidurojin uku, su ba da amoniya biyu. Huɗu sun koma biyu, saboda haka matsi na taimakawa, saɓanin tukunyarmu inda biyu ke ba da biyu, matsi ba ya sauya rabon. Zafi kuwa yana rage K ɗin amoniya, sanyi kuma yana sa aikin tafiyar hawainiya. Fritz Haber ya nuna a Karlsruhe a 1909 cewa ana iya samun tsaka-tsaki, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da shi masana’anta a Oppau a 1913. Har yau ana aiki a wajen digiri 400 zuwa 500, da matsi mai tsanani, da ƙarfe mai gaggauta haɗuwar. Duk da haka, kusan kashi 15 cikin ɗari ne ke zama amoniya a zagaye guda. Sai a sanyaya ta ta zama ruwa a janye, ragowar iskar a sake mayar da ita cikin tukunya.