Gwanin da ke ƙirga haƙora kafin ya biya kuɗi

Akwai wata ƙara da ke tsinka zuciyar mai mota otomatik: ƙwas-ƙwas daga can ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Da yawa da sun ji sai su ce inji ya buga, a sauke a kai kiranshaf gyara. Ga mutumin Rogo ko Karaye wannan hukunci yana da tsada, domin ya ƙunshi tafiya Kano ko Zariya da kwanaki mota tana jingine a gareji. Shi ya sa nake girmama bakaniken da ba ya saurin yanke shi.

Irin wannan gwani sai ya ce wa yaronsa, "Kai, shiga ka taka birki, ka sa giya." Idan ƙarar ta sauya ko ta lafa da zarar nauyi ya hau, ya fara gane inda aka dosa. Zai kafa dogon sukudireba a jikin giyabos, ya kara kunne a ƙotar. Sannan ya kwanta, ya cire ɗan murfin da ke ƙasa, ya haska tocila yaro yana juya injin da sifana a hankali. Abin da yake nema ɗan kaɗan ne: jan garin tsatsa kusa da kusoshin tsakiya. Wannan garin shi ke tona asirin tsagewar da ido ba ya gani.

Abin da ya tsage faifai ne na ƙarfe, marar kauri, wanda a gareji ake haɗa shi da na mota mai kuloci a kira su duka filawil. Amma aikinsu ya bambanta. Na mai kuloci jibgege ne mai nauyi. Na otomatik siriri ne, an ɗaure tsakiyarsa a kiranshaf, an ɗaure gefensa a konbata, tulun man da ke miƙa ƙarfin inji ga giya. A kewayensa akwai haƙoran da kik ke kamawa ya tayar da mota. Da gangan aka bar shi siriri, domin konbata takan ɗan matsa gaba da baya idan mai ya yi zafi kuma aiki ya yi nauyi. Faifan ne ke lanƙwasawa ya shanye wannan motsi, in ba haka ba ya ƙare a kan kiranshaf.

Wajen sayen wani ne ake gane ƙwarewa. Gwani ba ya aika saƙo a waya ya ce a sako masa na Camry. Yakan ɗauki tsohon ya tafi da shi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan Baljiyam ke jibge. Mai kanti zai ce, "Oga, ai shi ne, duba." Shi kuwa sai ya tsuguna, ya sa alli a haƙori ɗaya, ya ƙirga har ya zagayo. Ya kifa sabon a kan tsohon ya ga ko ramukan kusoshi sun yi daidai, na tsakiya da na konbata. Ya ajiye su a ƙasa mai shafe ya gwada tudun tsakiyarsu, domin bambancin da bai kai kaurin farce biyu ba ya isa ya hana kik kamawa sosai. Ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amo, tsagagge muryarsa a dushe take. A wasu motocin, kamar wasu injinan Nissan, akwai ƙananan tagogi a jikin faifan da na'urar kiranshaf ke karantawa ta gaya wa kwamfutar mota lokacin ba da wuta. A sa wanda tagoginsa suka bambanta, mota ta yi ta kik ba ta tashi.

Wannan taka-tsantsan shi ne na masu motocin tsere a Amurka, inda ake ƙara wa inji ƙarfi har faifan kamfani ya gaza. Injinan Chevrolet masu silinda takwas suna da mai haƙora 153 da mai 168, kuma kowanne da kik ɗinsa. Daga 1986 tsarin ramukan kiranshaf ɗin ma ya sauya. Na Ford suna da 157 da 164, kuma a injin 302 nauyin da ake liƙa wa faifan don daidaita juyi ya tashi daga oza 28 zuwa 50 a farkon shekarun 1980. A musanya su, inji ya riƙa karkarwa har ya cinye kansa. Masu tsere sukan nemi mai tambarin SFI 29.1, shaidar an gwada shi ba zai tarwatse a tsananin gudu ba. A Rogo ba tsere ake yi ba, amma motar da ke ɗaukar fasinja da buhunan masara a kan turbar da damina ta ɓata ita ma tana wahalar da wannan ƙarfe.

Sau da yawa mai mota kan roƙi a yi walda kawai. Gwani yakan ƙi, kuma ina ganin gaskiyarsa: zafin walda yana murɗe faifan, ya ɓata daidaitonsa, tsagewar kuma ta ɓullo a gefen ɗinkin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ɗaura sabo sai ya gano abin da ya fasa tsohon. Yakan duba ƙananan turakun nan biyu da ke saita giyabos da inji, waɗanda kan ɓace a hannun mai garaje. In babu su, faifan yana juyi a karkace, sabon ma zai tsage. Yakan tura konbata yana juyawa har ta zauna cikin famfon man giyabos sarai, sannan ya auna ratar da ke tsakaninta da faifan, kimanin milimita 3 zuwa 5. Kusoshi kuma ba a jere yake ɗaure su ba: wannan, sai wanda ke fuskantarsa, a zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo da ɗigon gam a kan zare. Sai ya juya injin da hannu ya tabbatar babu inda ke gogawa, kafin ya ce wa yaro ya ba ta kik.