Laifi da Alhaki a Cikin Ƙagaggen Labarin Didier Daeninckx

Bisa al'ada, labarin binciken kisan kai yakan ƙare ne da zarar an gano wanda ya yi aika-aikar, sai hankalin mai karatu ya kwanta. Marubutan Faransa da suka biyo bayan boren 1968, irin su Jean-Patrick Manchette, sun ƙi wannan zubi. A nan za mu duba littafi guda, watau Meurtres pour mémoire na Didier Daeninckx, wanda ya fito a ƙarshen 1983.

Labarin ya soma ne da daren 17 ga Oktoba, 1961, lokacin da 'yan sandan Paris suka far wa Aljeriyawa masu zanga-zanga, har aka jefa wasu cikin kogin Seine. Cikin wannan hargitsi aka harbe wani malamin tarihi, Roger Thiraud. Bayan shekara 20 aka kashe ɗansa Bernard a Toulouse, jim kaɗan da fitowarsa daga ma'ajiyar takardun hukuma. Sufeto Cadin ya bi sawu, sawun kuwa ya kai shi ga André Veillut, babban ma'aikacin da ya shirya takardun tura Yahudawa sansanin Drancy a zamanin mamayar Jamus.

Abin lura shi ne inda marubucin ya aza alhaki. Wanda ya harbe Roger yaron aike ne kurum. Nauyin yana kan mai sa hannu, da ofishin da ya yi ta ƙara masa girma bayan yaƙi. Ba a ɓoye yake ba cewa Veillut inuwar Maurice Papon ce, wanda ya yi aiki a Bordeaux daga 1942 zuwa 1944, kuma shi ke shugabancin 'yan sandan Paris a 1961. Kotu ba ta yanke wa Papon hukuncin ɗaurin shekara 10 ba sai a 1998, kuma kan batun Yahudawa kaɗai. Ashe ƙagaggen labari ya riga alƙali da kusan shekara 15.

Duk da haka, muna da ja a wuri guda. Aljeriyawan da aka buɗe littafin da su, aka ba su sunaye da iyali, suna ɓacewa bayan babobin farko. Gawar Bafaranshe ce ta sa aka buɗe bincike, ita ce kuma Cadin ya bi har ƙarshe. Wasu manazarta na iya cewa da gangan ne, don a nuna yadda hukuma ta yi watsi da su. Mu dai muna ganin tsarin labarin ya afka cikin mantuwar da yake zargin ƙasar da ita.