'Yar Aikatau a Ƙagaggun Labaran Hausa: Tsokaci a Kan Wani Giɓi

Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce jawo hankalin manazarta ga yadda rubutun zube na Hausa ke fito da macen da ke aiki a gidan wani, nesa da garinsu. Kusan kullum ita kaɗai ake nuna ta, tamkar ba ta da abokan sana'a.

Ana iya ganin tushen wannan hoto a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934). Mahaifiyar Umar ta bi sawun ɗanta har Murzuk, ta ƙare cikin bauta a Tarabulus. Marubucin ya ba ta juriya, amma gwagwarmayarta ta mutum ɗaya ce. Wannan ya dace da jigon bauta. Abin da bai dace ba shi ne yadda littattafan soyayya na Kano suka gaje shi ba gyara: ko dai 'yar aiki ta yi ta haƙuri har wani mai hali ya aure ta, ko a mayar da ita makira.

Harshen kansa ya taimaka. Baranya da 'yar aiki da boyi-boyi duk suna auna ta ne da uwar ɗakinta. Alhali yarinyar da ta baro Jakusko zuwa aikatau a Gashuwa ko Nguru, wataƙila ma Badanci ne harshenta na farko, tana da ƙawaye a bakin famfo, tana zubin adashi, kuma a wurinsu take jin gidan da ke biya da wanda ke cinye haƙƙi. Haka ma takari a Jidda. Ina wannan zance a littattafanmu?

Misalin matan Filifin masu aikin gida a ƙetare ya nuna abin da irin wannan zama ke haifarwa. Daga taruwar da suke yi ran Lahadi a tsakiyar Hong Kong suka yi taron dangi a kan dokar Marcos ta 1982 mai tilasta musu aika wani kaso na albashinsu gida, suka kafa UNIFIL a 1985. Rataye Flor Contemplacion a Singafo a 1995 ya tayar da ƙura har aka yi dokar kare ma'aikatan ƙetare a shekarar, aka kafa Migrante International a 1996. Nicole Constable ta nazarci rayuwarsu a littafinta na 1997.

Ba cewa ake marubucinmu ya ƙago ƙungiyar da babu ba. Ya dai saurari hirar bakin famfo, ya bar 'yan aikatau biyu su yi magana da juna ba uwar ɗaki a tsakani.