Sharhi a kan Fassarar "Hope" da "Wish" da Kalmar Fata

Daga fitowar Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner a 1965 zuwa ƙamusun Roxana Ma Newman na 1990, ɗalibin fassara bai rasa inda zai nemi ma'anar kalma ba. Sai dai aikin ƙamus ya tsaya ne ga kalma ɗaiɗai, alhali bambancin "hope" da "wish" a ginin jimla yake. Wannan ne ya sa masu fassara da dama suke cusa kalmomin biyu cikin "fata", ma'ana kuwa ta salwanta.

Idan Bature ya ce "I hope he comes", zuwan mutumin abu ne mai yiwuwa, mai magana yana sa rai. A nan "ina fata ya zo" ta wadatar, haka ma "Allah ya sa ya zo", wadda ta fi kusa da bakin Bahaushe. Amma "I wish he were here" tana tabbatar da cewa mutumin ba ya nan. Aikatau ya ɗauki sigar shuɗaɗɗen lokaci, ba don abin ya wuce ba, sai don nuna cewa ya saɓa wa zahiri. Quirk da abokan aikinsa sun yi bayanin wannan siga a nahawunsu na 1985. Hausa ba ta taɓa lokacin aikatau domin wannan aiki. Ƙwayoyin kalmomi take sa wa a goshin jimla: "ina ma yana nan", ko "da ma yana nan". Wannan "da" mai dogon wasali ce, wadda ake ji a "da ka zo da ka same shi", kuma rashin nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum yana ƙara ruɗa mai koyo.

In aka ƙara ja da aikatau baya, kamar a "I wish I had gone", an shiga fagen nadama, wato abin da Bahaushe ya kira da-na-sani. "I wish you would stop" kuwa ƙorafi ne a cikin rigar buri. "Don Allah ka bari mana" ta fi "ina fata ka daina" kama shi.

Kuskuren ba na aji kaɗai ba ne. A ɗauka likita ya ce wa dangin majinyaci "I wish we could save the leg". Nufinsa an riga an fid da rai, za a yanke ƙafar. Tafintan da ya ce "yana fata a ceci ƙafar" ya sallami mutane da begen da likita bai ba su ba. Abin da ya kamata su ji shi ne "ina ma da hali".

Akwai wurin da "wish" take zama fata sosai, wato in ta ɗauki karɓau biyu, kamar "I wish you success", ina yi maka fatan nasara. Mai yiwuwa daga nan ɗalibi ke jawo mabuɗin wasiƙar Hausa, "da fatan kana lafiya", ya rubuta "I wish you are fine", jimlar da Turanci bai yarda da ita ba. Ya ko gyara ta zuwa "I wish you were fine", nahawu ya daidaita, amma ya shaida wa abokinsa cewa ba shi da lafiya.